Sagir da Igiyar Ruwa

Duk wanda ya taɓa ɗibar shinkafa a ɗakinmu na unguwar Dengfeng, can ƙasar China, ya san doka: kafin ka zura kwano a buhu sai ka laluba da hannu, don kyamarar marigayi Sagir a ciki take kwana. Wai danshin Guangzhou yana kashe gilashin kyamara, shinkafa kuma tana shanye shi. Mu masu cin shinkafar ba a taɓa neman ra'ayinmu ba.

Kyamarar ma ba tasa ba ce. Kawunsa, Alhaji Bala na Kantin Kwari, shi ya saya, ya turo shi ya riƙa ɗaukar samfurin atamfa a kasuwannin Guangyuan yana aika masa ta imel. Sai yaron nan, da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, ya bi wasu ɗalibai bakin teku. Tun daga ranar muka rasa kansa. Kowace Lahadi sai ya hau bas, ya sha doguwar tafiya, don kawai ya ɗauki hoton igiyar ruwa. Ba mutum, ba jirgi, ruwa zalla.

Kuma bai iya iyo ba. Ranar da ya ja ni muka je, ya naɗe kyamarar a leda, ya ɗaura igiyar ɗaure kaya a ƙugunsa, ya miƙo min bakinta.

"Riƙe, Nura. In ka ga na ɓace, ka ja."

"In na kasa fa?"

"To ka ceto kyamarar, ta Kawu ce."

Haka na tsaya kamar mai kiwon akuya, shi yana can ruwa na marinsa. Wani tsohon masunci ya zo ya dubi igiyar, ya dubi abin da ke ƙarshenta, ya girgiza kai ya ce, "Meiyou," wato babu. Ban tambaye shi mene ne babu ba, don na yarda da shi.

Ana nan labari ya kai Kano. Kawu ya bugo waya, muna jin muryarsa daga inda muke zaune.

"Sagiru, kasuwa na tura ka ko wanka? In ban ga samfur kafin Juma'a ba, ka ba Nura kyamarar, ka hawo jirgi."

Sagir ya zage, ya zaga shagunan nan kaf, ya ɗauki samfur har ƙafarsa ta kumbura. Ya je shagon intanet ya tura. Sai da ya dawo ɗaki ya gane hotunan teku ya aika. Ya jawo jakarsa ya fara ninke kaya, can ya ce, "Nura, Kano fa babu teku." Na yi niyyar tsokanarsa, na ga idonsa, na fasa.

Washegari wayar Kawu ta shigo.

"Wannan mai shuɗi da farin kumfa, na wane kamfani ne?"

"Kawu, ka yi haƙuri, ruwa ne."

"Ni makaho ne? Na ga ruwa ne. Shi nake so a kan atamfa. A buga min, kuma kada ka nuna wa kowa a Kwari."

Aka buga. Sagir ya kusa haukata laoban, mai masaƙar, wai ba su fito da kumfar daidai ba, sai da aka sake. Atamfar ta karɓu, Kawu bai ƙara maganar jirgi ba. Sai dai in sun gama lissafin kaya ya ce, "To, yaushe za ka koma wankan?"

Dukanmu mun ɗauka teku ne zai ci shi. Ashe zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, a kan gado, muna tare da shi. Wallahi har yau ina kewar yaron nan.

Da na je Kano ta'aziyya, mahaifiyarsa ta sa aka shigo da ni. Atamfar ce a jikinta. Ta shafa zanin a gwiwarta ta ce, "Nura, haka yake da gaske?"

Na ce, "Haka yake, Mama, sai dai shi ba ya tsayawa, kuma ba a ganin ƙarshensa."

Ta daɗe tana kallon zanin, sannan ta ce, "To, ashe da gaskiyar yarona."

Allah ya jiƙan Sagir, ya yafe masa, ya saukar da shi inda ƙoramu ke gudana, ya bar shi ya kalla son ransa. Amin.