Layi na Huɗu a Allon Likita

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ya koya mini tuƙi bayan na bar lakwal, wato makarantar boko. Siminti yake ɗauka daga Malbaza zuwa Tawa da Ƙonni, kuma lokacin da wannan abu ya faru ya haura shekara ashirin a kan hanyar. Ni ma na riga na zama magidanci, ina da parmina, wato lasin tuƙi, na babbar mota, ina jan motar wani Alhaji.

Dokar parmin babbar mota ba irin ta ƙaramar mota ba ce. Kafin a ba ka sai shekarunka sun kai, sai ka ci jarrabawa, sannan likita ya duba ka. Wannan na ƙarshen ba a gama shi sau ɗaya. Wa'adi na cika sai ka koma, a auna jini, a duba kunne, a duba ido. Bizit muke kiransa. In babu hatimin likita, jandarma na iya sauke ka ko da siminti na bayanka.

Duban idon da allo ake yi. Tun da yawancinmu ba su yi karatun boko ba, ba haruffa ne a jiki ba. Wata alama ce mai haƙora uku kamar matsefi, tana kallon sama ko ƙasa, dama ko hagu, tana ƙanƙancewa layi bayan layi har biyar. Likita ya nuna da sanda, kai kuma ka nuna da hannu inda haƙoran suka dosa. Allon ba ya canzawa, sandan kuma daga farko yake bi har ƙarshe. Direbobi suka gano haka, suka mai da shi hanya: sama Tawa, ƙasa Sakkwato, hagu Ƙonni, dama Madawa. Mai ido ya shiga da fari ya haddace, ya fito ya biya wa wanda nasa ya raunana. Kowa a tasha ya san wannan, kuma taimakon juna ake ɗaukarsa.

Wata biyu kafin bizit ɗin Kawu, motata na gareji, na bi shi Tawa. Ranar kasuwar Badagishiri ce, da hantsi. Muna saukowa gangare da cikakken kaya, ga amalanken jaki a gefen kwalta, mata uku a kai da kwandunan albasa. Na gan su tun daga nesa. Na jira ya rage wuta, bai rage ba. Sai da na buga masa kafaɗa ya murɗe sitiyari, muka wuce su da abin da bai kai kamu ɗaya ba. Ya ce rana ce ta haske shi. Ranar tana bayanmu. A Tawa kuma na lura ya miƙa wa wani sandan awon mai ya duba masa, wai hannunsa da datti.

Da lokaci ya yi ya kira ni zaure. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce in riga shi shiga, tun da nawa bizit ɗin ma ya kusa, in kawo masa hanyar. Na ce ko ya fara zuwa a duba masa tabarau. Ya yi dariya.

"Ɗan nan, ni da na koya maka bambanta birki da totur, yau kai ka koya mini ido? Tahi ka kawo mini hanya."

Abin da ya kamata in yi sananne ne. In ce masa na ga abin da ya faru a gangare, ba zan kawo ba. Zai zage ni, ya kai ƙarata wurin mahaifiyata, watakila ya shekara bai amsa gaisuwata ba. Wannan nake tsoro. Sai na ce to.

Na shiga ranar Litinin, na haddace layi biyar ɗin daidai. Da na fito na biya masa uku na sama yadda suke. A na huɗu na sauya biyu, inda Ƙonni take na sa Madawa, inda Tawa take na sa Sakkwato. Na biyar na jirkita shi gaba ɗaya. Kwana uku yana biyawa, a tasha, a bakin masallaci, har sauran direbobi na tsokanarsa wai tsoho ya koma makarantar allo. Shi kuma ya ce musu gara shi, su ko sunan garin uwarsu sai an tuna musu.

Ranar Alhamis na raka shi Ƙonni, na zauna a benci a waje. Bai daɗe ba ya fito da takardarsa a hannu, babu hatimi. Muka taka har bakin titi. Can ya tsaya.

"Ido na san ya tahi," ya ce. "Ashe kan ma ya bi shi. Kai dai ka yi naka, Allah shi yi maka albarka."

Na ce amin.

Ya miƙa makullin mota a makon nan, ya koma noman gero a gonar gado. A kan wannan ban taɓa yin nadama ba, don na ga matan nan uku da idona. Abin da ban lissafa ba shi ne sauran. Kawu mutum ne da ake zuwa wurinsa a tambayi asalin dangi, da iyakar gonaki, da shekarar da aka yi kaza. Daga ranar ya daina amsawa. In an tambaye shi sai ya ce a nemi wani, kansa ya zube. Shi ke jan sallar magariba a ƙofar gida, ita ma ya bari, wai kada ya haɗa sura da sura ya ɓata wa mutane. Sau uku na shirya in faɗa masa. Na farko na tarar da baƙi. Na biyu ba shi da lafiya. Na uku babu kowa, lafiyarsa lau, na gaishe shi na tashi.

Bayan shekara shida, da rani, na kai masa goro. Idon ya rufe kusan duka. Muna zaune a inuwar itacen bedi ya ce in saurara, ya soma biya hanyar allon. Layi na ɗaya, na biyu, har na biyar. Na bi shi a zuci. Bai kuskure ko gari ɗaya ba daga abin da na koya masa.

"To a ina na ɓata, ɗan nan? Kullum sai na biya, ban gane ba."

Na dubi idonsa da ba ya ganina. Na ce, "A na huɗu, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya ce shi ma nan yake zargi. Ya ɓare goron ya ba ni rabi. Da damina ta kama ya rasu, ni na shiga kabari na karɓe shi.