Yadda Na Miƙe wa Motar Injiniya Ƙafafu

Na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da sifana, amma ranar da har yau ba ta fita raina ba, ba a ƙarƙashin tirela ko katafila ta same ni ba. Wata 'yar mota ce da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba ta kusa tsinke mini ci gaban aiki, wata Asabar, a filin bayan garejinmu na Birnin Gwari.

Farkon shekarun tamanin ne, ina makanike mai daraja ta uku. Ga waɗanda ba su san tsarin ba, ana farawa ne daga ta uku a hau zuwa ta ɗaya, kuma ba a hawa sai an je Kaduna an yi kwas an ci jarrabawar sana'a. Mutum ɗaya garejinmu ke turawa a shekara, shi ma sai shugaba ya sa hannu a takardarsa. Shekara huɗu ina jira. A wannan karon sunana ne a takardar, tana kan teburin shugabanmu, Injiniya Bulus, ranar Litinin zai sa hannu.

Injiniya Bulus mutumin wani ƙauye ne ta wajen Randagi. Ya je ƙasar waje ƙaro karatu, ya dawo mana da wannan mota. Da batir take aiki, ana tuƙa ta daga nesa da wani akwati mai eriya da 'yan sanduna biyu. Mu muna ce mata motar wasa, shi kuwa yakan ce mota ce sosai, ƙanƙanta kawai ta yi. Akwai wani Bature na kamfanin da ke aikin hanya, muna kiransa Mai Lofe, shi ma yana da irinta. Suka sa ranar tsere, magana ta kai har kasuwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Injiniya ya ajiye ta a kan bencina.

"Isiyaku, ka goge mata ƙura, ka sa batir ɗin a caji. Shi ke nan."

To, sai kun san irin hannun da muka tashi da shi. Hanyar Kuyello da hanyoyin cikin daji ba sa barin sifirin ɗin mota ya kwana lafiya. Saboda haka duk Landirobar da ta shigo, maganinmu ɗaya ne: a ƙara ganyen sifirin, a ɗaure noti har sai an zura wa sifana bututu an hau kai. A wurinmu, abu in yana motsi to ya lalace ne. Haka Malam Garba, helman garejin, wato babban makanikenmu, ya koya mana, shi ma haka aka koya masa.

Ina cikin gogewa na danna hancin motar da yatsa, sai ya nutse laƙwas, ya taso a hankali. Na sunkuya na dube ta ta gaba. Kawunan tayoyin sun karkato ciki. Na dube ta ta sama, bakin tayoyin ya ɗan buɗe waje kamar ƙafar agwagwa. Na kwance ɗan shokazobar, wato bututun da ke tare girgiza, man da ke ciki ruwa-ruwa ne. Na ce a raina, haka ogana zai fita gaban Bature a yi masa dariya?

Na kira helma. Ya gyara tabarau ya duba, ya girgiza kai.

"Wannan ai ta sha wuya a jirgi. Ƙafafun duk sun tafi."

Bai ce in gyara ba, gaskiya, kada in ɗora masa. Ni na ɗauko rula na daidaita 'yan tayarod ɗin, ƙarafan da ke juya tayoyi, har tayoyin suka miƙe cir. Na cusa wa sifirin ɗin woshoshi, 'yan zobban ƙarfen nan, ya yi tauri. Na zubar da man nan na ɗura mata man giyar mota mai kauri, na bi kowane noti na ɗaure tamau. Da na gama, ko ka danna da babban yatsa ba ta ko gezau. Na ƙi gaya wa Injiniya, wai sai ta ci tsere in fito in karɓi yabo.

Asabar da hantsi aka jera tsofaffin tayoyi aka fitar da hanya mai kwana huɗu. Filin jar ƙasa ce mai 'yan gargada. Ma'aikata, masu rake, har da direbobin tasha, kowa ya zo kallo. Aka kaɗa tsumma, motocin suka zabura. A miƙaƙƙiyar hanya tamu ce gaba, har na fara gyaran murya. Da aka iso kwanar farko, na ga tayoyin gaba sun juya da idona, amma motar ba ta juya ba. Ta yi tsalle-tsalle a kan gargadar, ta tafi ɗoɗar ta daki taya, ta kife. Aka tayar da ita aka sake. A wannan kwanar dai ta sake kifewa. Filin ya ɗauki dariya, wani direba yana cewa a kai ta asibiti.

Injiniya ya je ya ɗauko ta. Bai ko dubi injin ba. Ya ɗaga ta kamar taƙi ɗaya daga ƙasa ya sake ta. Ta faɗi ƙwas, ta yi tsalle. Sai ya juyo wajenmu.

"Wa ya taɓa motar nan?"

Helma ya yi tari ya ce, "Yallaɓai, ko zafin rana ne ya..."

"Malam Garba, rana ba ta riƙe sifana."

Takardar nan ta kan tebur kawai nake gani. Na san helma ba zai tona ni ba, sauran kuma ba su gani ba. Amma mutumin nan amana ya ba ni. Na tako gaba.

"Ni ne, Yallaɓai."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa. Na ga tayoyin a karkace ne, bakinsu kuma a buɗe."

Injiniya ya roƙi Mai Lofe rabin awa, ya ja ni gindin wata ɗorawa, ya zauna a ƙasa da farin wandonsa, ya miƙo mini kayan aiki.

"Hannun da ya ɗaure shi zai kwance. Fara da woshoshin."

Ina aiki yana bayani, ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce taya ba ta juya mota sai tana taka ƙasa, kuma aikin sifirin ke nan, ya riƙa bin ƙasa da taya duk inda ta lotsa. "Kai ka mai da gaban katako. Rabin lokacin tayoyin a iska suke, da me za ta yi kwana?" Ya fito da 'yar kwalbar man shokazoba daga aljihu, ya ce kaurin man shi ke hana sifirin yin rawa, amma in ya yi yawa sai ya hana shi aiki gaba ɗaya. Da muka zo kan tayoyin, ya kwantar da motar gefe ɗaya da tafin hannunsa kamar tana shan kwana.

"Duba tayar waje. Yanzu yaya take?"

"Ta zauna daram, Yallaɓai."

"To don haka aka karkatar da ita tun tana tsaye. Buɗewar bakin kuma, ita ke sa ta faɗa kwana da wuri. Notin nan, sassauta shi. Wurin nan motsi aka yi shi ya yi."

Da na gama ya ce in ɗaga ta in saki. Ta sauka tuɓus, ta ɗan nutse, ta tsaya cak.

Aka koma fili. Wallahi kamar an canja mota, tana shiga kwana tana fita kamar an ja ta da zare. Amma batir ɗinmu ya riga ya sha wahala a zagayen banza, a na ƙarshe ta yi sanyi, Mai Lofe ya wuce ya ci. Ya zo yana dariya yana bubbuga kafaɗar ogana a gaban jama'a.

Litinin da safe masinja ya ce ana kirana ofis. Na shiga na rusuna, na riga na shirya karɓar takardar tuhuma. Takardar kwas ɗin tana gabansa, ba sa hannu.

"Isiyaku, laifinka ka san shi?"

"Na taɓa abin da ba a sa ni ba."

"A'a. Ka ga abin da ba ka gane ba, maimakon ka tambaya sai ka gyara. A 'yar mota an yi dariya an watse. A motar da ta ɗauko mutum goma, ba dariya za a yi ba."

Na sunkuyar da kai. Sai na ji ƙarar alƙalami.

"Mako uku motar nan tana garejin nan, makanikai bakwai suna juya ta. Karkatar tayoyin nan ba ta fi kaurin ashana ba, kai kaɗai ka gan ta. Idon nan ba a koyar da shi a Kaduna. Sauran kuwa ana koyarwa, je ka koyo."

Na karɓi takardar da hannu biyu, sai hawaye. Ya ce in tashi in ba shi wuri, akwai Landiroba tana jirana.

Abin da na ɗauka daga ranar nan, duk abin da ka tarar a jikin mota ka ga kamar ba daidai ba, wataƙila wani ne ya zauna ya yi tunani ya sa shi haka, sai ka san dalilinsa kafin ka kai hannu. Na kuma gane cewa shugaba yana iya duban ɓarnar mutum ya tsinci abin kirki a ciki. Ni na ja masa kunya a gaban gari, shi kuma ya tura ni makaranta. Injiniya Bulus ya daɗe da rasuwa, ban kuwa taɓa iya yi masa godiyar da ta kamata ba. Shi ya sa nake ba ku labarin.