Jakin Damagaram da Canjin Hannu

Jakuna goma sha huɗu na wani Alhaji a Gumel, da kekena guda ɗaya: su ne suka shiga haɗari shekarar da aka yi canjin hannu. Gwamnati ta ce motoci su koma dama, suka koma. Jakunan Alhaji masu ɗauko kanwa daga Maigatari kuwa babu wanda ya sanar da su. Suka ci gaba da bin hagu, kullum suna gaba da gaba da manyan motoci.

Ni dillali ne a lokacin. Na ce masa zan sauya musu hannu.

"Da me, ɗan nan? Wa'azi za ka yi musu?"

"Dabara, Alhaji. In ka rasa ko ɗaya, kekena naka ne. In sun koma dama, ka ba ni rumfar ƙofar gidanka."

Na tara masu korar jakunan na yi musu bayani, duk suka yarda. Jakunan ne ba su yarda ba, kuma sanda ba ta yi aiki ba. Da na bi su a ƙafa sai na gane wani tsohon jaki mai yankakken kunne suke bi, ba mutane ba. Na sa aka sayo wa Alhaji jakin Damagaram, inda tun fil'azal dama ake bi, na sa shi gaba a madadin tsohon. Suka shigo Gumel ta dama, reras. Alhaji ya ba ni rumfa, ya haɗa mini da tsohon jakin.

A komawa Maigatari ne sabon jagoran ya ƙi tsayawa. Ya tsallake iyaka ya nufi garinsu, ayari na biye. Sai da na sha roƙon jandarmomi kafin a sako su, jagoran kuwa mai shi na dā ya riƙe shi, ya ce ya dawo gida ke nan. An rasa ɗaya, Alhaji ya karɓi keke.

Amma labari ya bazu. 'Yan kasuwar Gagarawa da Sule Tankarkar suka riƙa zuwa rumfata, da aka yi canjin kuɗi, in raba yaran kasuwancinsu da lissafin fam su koma naira. Tambaya biyu nake yi: wa suke bi, kuma ina ne garin wanda za a sa gaba?

Na rasa keke. Na sami rumfa, da sana'a, da jakin da har ya mutu hagu yake bi da ni.