Gwaggon Hoto da Takardar Yaya Mai Shafi Biyu

A sashen ɗaukar hoto na asibitinmu akwai wata 'yar taga a ƙarshen baranda. Bayanta Gwaggon Hoto take zama. Shekara ashirin da shida ke nan tana buga rahotannin likitocin hoto, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta. Ba ta yi karatun likita ba. Tabarau biyu gare ta, ɗaya a hanci ɗaya a ka, kuma kullum cikin neman na kan take.

Na san ta a shekarar da muka yi jinyar 'yata, Allah Ya jiƙanta. Daga nan ban sake bi ta barandar ba, sai da lamarin yayana, kafinta, ya taso. An yi masa hoton ciki saboda ciwon kwiɓi, aka ba shi rahoto shafi biyu. Maƙwabcinsa da aka yi wa irinsa layi biyar ya samu. Yaya ya jera takardun, ya yanke wa kansa hukunci. Ya rufe shago, ya rantse ba zai koma wurin likita ranar Laraba ba, wai abin da ya rage tsakaninsa da Allah ne.

Da ƙyar na ja shi zuwa tagar.

"Malam kafinta, wannan fuska fa? Guduma ce ta sauka a yatsa?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, shafi biyu ne. Ba abin da suka bari, har saifa," in ji Yaya.

"To so kake su ce ba su ga saifar ba?"

Ta shimfiɗa takardar, ta bi ta da biro. Sama, ta ce, dalilin da aka turo shi ne. Tsakiya kuwa jerin duk abin da likita ya leƙa, mai lafiya da marar lafiya. "In aka kira ka duba gida, ba kowace ƙofa kake girgizawa ba? Ƙasa za ka fara dubawa, inda ya taƙaita ra'ayinsa. Tsawon kuma halin mai rubutu ne. Likitan Litinin akwai surutu, na Alhamis rowar kalma gare shi. Ni da yatsuna muka sani."

Gaskiya ta faɗa. Rahoton 'yata layi huɗu ne kawai, amma muka rasa ta. Gwaggo ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗan gyaɗa kai, ta koma kan takardar.

A ƙasan abu ɗaya ne: sist a ƙodar hagu, milimita shida. Sist, in ji ta, 'yar jakar ruwa ce.

"Shida!" Yaya ya dafe ƙirji.

"Ina awonka?"

Ya zaro tef daga aljihu, ya ja, ya ɗora farce a kan milimita shida. Ya daɗe yana kallo.

"Ai wannan ko kan ƙusa bai kai ba."

"Kai ka faɗa. Layin ƙarshen kuma cewa yake a haɗa da binciken likitanka, don hoto bai san inda ke maka ciwo ba."

"Ke nan na tsira, Gwaggo?"

"Wannan ta fi ƙarfin tagata. Ni ma'anar kalma nake faɗa. Abin da take nufi a jikinka, sai Laraba." Ta yago takarda, ta sa shi ya rubuta tambayoyi uku da hannunsa. Haka take yi wa kowa, don ta lura mutum na ganin farar rigar likita tambayarsa ke gudu.

Ranar Laraba Yaya ya riga mai shara isowa. Ya karanta tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, kamar mai sanarwa. Likita ya danna nan, ya danna can, ya ce jakar ba ita ke ciwon ba, tsoka ce ta gaji. A sake hoto baɗi, kuma a daina ɗaga katako shi kaɗai.

Maganar sake hoton Yaya ya rubuta ta a bangon shago. Ta katakon kuwa, har yanzu matarsa ce ke fama da shi.