Yaya Hamadu da Ƙwan Kwaɗinsa

Ku da kuka san yayana Hamadu, kun san ruwan farko na sauka a Garwa zai naɗe wando, ya ɗauki bokiti, ya nufi kududdufan bakin Binuwai neman ƙwan kwaɗi. Malamin lise guda, wato babbar sakandare, da furfurarsa! Babanmu ya so ya gaje shi a fataucin goro, shi kuwa kwaɗi ya zaɓa.

Karatunsa ɗaya ne, kowa ya sha shi: wai ƙwan kwaɗo da saƙon da uwarsa ta bar masa yake fara rabuwa, sai daga baya ƙwayoyin gadonsa su farka, wasu su kunnu, wasu su yi shiru, har kai ya san gabansa, jela ta san bayanta.

"Kin gani, Asabe?" yakan ce mini. "Ko kwaɗo da guzurin uwa yake fara tafiya!"

Wata rana surukinsa ya zo daga Bibemi, Dudu matar Yaya ta ɗebo masa ruwa a randa. Dattijo ya leƙa moɗa, ya ga abu mai jela yana iyo. Salati! Sai ga Yaya a guje.

"Baba, kada ka motsa! Jiya bai da ido, yau ya yi!"

Mun taɓa dawowa daga Yaguwa, jandarma ya tsare motarmu, ya nuna kwalbar da Yaya ya rungume.

"Mesiye, mene ne wannan?"

Kash, bai san ya taɓo ba. Yaya ya sauko, ya gyara tabarau, ya faro daga rabuwar ƙwai gida biyu, biyu ta zama huɗu. Kafin a kai ga jela, bawan Allah ya ɗage sandar shingen da kansa.

"Useko, na gode, Mesiye, ku tafi, don Allah!"

"Ai ban gama ba!"

Da ciwon ƙirji ya kama shi, ni da Dudu muka yi ta roƙo ya je asibiti. Ya ce sai ƙwan da ya ajiye cikin kwano sun ƙyanƙyashe. Da ƙyar ya yarda, bayan Dudu, wadda ta tsani kwaɗi kamar me, ta rantse za ta kula da su. Bai dawo ba. Bayan sadakar bakwai ta kai su kogi da hannunta, tana kuka tana musu faɗa.

Allah, bawanka ya ƙare kwanansa yana mamakin aikinka. Ka gafarta masa, ka haskaka kabarinsa. Amin.