Ƙanƙarar Gabas da Madina da Numfashin Kawu Iro

Daga Jurf zuwa Uhudu

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Alhamis, ana sallame asuba, na bar gidana da ke unguwar Jurf a Madina. Gari bai waye ba, sanyi kuma sai da na ji shi a haƙorana. Na rungumi barguna uku da jakar magani, na tari tasi zuwa Uhudu.

Kiran da ya tayar da ni ya zo ne ranar Laraba da la'asar, ina bakin aiki a ɗakin ba da magani na asibitinmu. Adamu ne, mutumin Damagaram, abokin aikin Kawu Iro a wata gonar dabino da kaji da ke gabas da Madina. Kawu Iro ƙanin mahaifiyata ne, shekararsa goma sha ɗaya a gonar, kuma yana da ciwon asma. Ni na saya masa ɗan injin da ke turara magani ya shaƙa idan ƙirji ya toshe, injin kuwa sai da lantarki. Adamu ya ce tun daren Lahadi aka yi ruwan ƙanƙara da iska, turakun wuta suka zube, yau kwana uku ba wuta. Sai da ya taka ƙasa har bakin kwalta kafin ya sami waya.

"Dakta, tsohon nan ba ya iya kwanciya. A zaune yake kwana," in ji shi.

Ni ba likita ba ne, mai haɗa magani ne, amma a nan kowa Dakta yake ce mini, na gaji da gyarawa.

A Uhudu na tarar da Usumanu yana ɗumama motarsa a bayan rumfunan masu sayar da dabino. Bahaushen Chadi ne, yana da a-kori-kura da yake kai wa masu rumfunan kaya, kuma matarsa da tawa ƙawaye ne. Da na yi masa maganar kuɗin mota sai ya haɗe rai.

"Halas, shi ke nan, Dakta. Ka zuba mai kawai. Yalla, mu je."

Shingen hanyar gabas

Bakwai saura minti goma muka isa shingen binciken da ke bayan gari. Jami'in ya karɓi iƙamata, wato takardar zama, ya haska jakar maganin da tocila, ya tambayi inda za mu. Na faɗa masa. Na riga na shirya faɗa a raina, sai mutumin ya miƙo mini takardata ya ce idan muka bar kwalta kada mu shiga kwari sai mun ga wani ya haye. Ya yi wa maras lafiya addu'a. Ko minti biyar ba mu yi ba.

Suwaidira

Kilomita sittin da ɗoriya ne zuwa Suwaidira, mun shiga takwas saura kwata. Nan na fara ganin ɓarnar. Gilasan motoci a farfashe, rufin wani shago ya naɗe kamar tabarma. A gindin katanga, inda rana ba ta kaiwa, ƙanƙara na nan a tare ba ta narke ba, wata ta kai ƙwan zabo. Ni da na tashi a Daura ban taɓa zaton zan ga haka a ƙasar da zafi ke narkar da kwalta ba.

Gidan man da muka tsaya famfunansa ba sa aiki, da mazurari ake ɗura mai daga ganga. A shagon da ke gefe babu kyandir, babu batir, babu tukunyar gas. Kananzir kaɗai ya rage, galan ɗin da na san ana sayarwa riyal biyar mai shagon ya ce ashirin.

"Ka ji tsoron Allah," na ce masa da Larabci.

"Kana so ko ba ka so? Akwai mutane a bayanka."

Na saya, haɗe da ƙaramin risho da gurasa goma. Usumanu ya ja ni waje ina ta sababi. Ya ce in adana fushina, hanya da sauran tsawo.

Kwarin da ya tsare mu

Bayan Suwaidira da kaɗan muka saki kwalta muka yi arewa. Kilomita ashirin da uku ne zuwa gonar, tafiyar rabin sa'a a ranar lafiya. Na ƙirga turakun lantarki goma sha huɗu a kwance kafin na daina ƙirgawa, wayoyi sun nannaɗe a ƙaya. Ba mu ga ma'aikaci ko ɗaya ba.

Tara da rabi muka iske kwari cike da jan ruwa. Usumanu ya naɗe wando ya shiga da sanda, ruwa ya kai masa cinya, ya fito ƙafafunsa sun daskare. Ya ce ko an yanka shi ba zai sa mota ba. Na yi masa tsawa, na ce mutum na can yana mutuwa. Ya dube ni ya ce, "In ruwa ya tafi da mu da maganin, wa zai kai masa?"

Wani dattijo Balarabe makiyayi da ke da tanti a kan tudu ya yafito mu. Ƙanƙara ta kashe masa tumaki bakwai, ga su nan a jere ya rufe da buhu, amma sai da ya ba mu gahawa da dabino a gaban wutar itace. Na tambaye shi yaya suke yi da rashin wuta. Ya yi dariya.

"Mu ba ta taɓa zuwa mana ba, balle ta ɗauke."

Sa'a uku muka yi a wurinsa. Sha biyu da rabi ruwan ya ja baya, dattijon ya shiga gaba da ƙafa ya nuna mana inda ƙasa ke da tsakuwa, muka haye.

Gonar

Ɗaya da minti ashirin muka isa. Tun kafin mu ga ƙofar na jiyo ƙarar janareta, na ce alhamdu lillahi, ashe an kawo musu wuta. Na sauka da murna.

Ɗakin ma'aikata duhu ne ƙirin. Ƙanƙara ta huda kwanon rufin a wurare da dama, sun toshe da tsumma, sun toshe taga da buhu, sun kunna gawayi a rabin ganga a tsakiyar ɗaki. Mutum biyar ke kwana a ciki. Kawu na zaune a kan katifa ya dafa gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa da sauka, ƙirjinsa na kuka kamar ana busa sarewa. Leɓunansa sun yi toka. Injin maganin na gefensa a cikin kwali, wayarsa a naɗe.

Ban ko gaishe shi ba. Na ja gangar gawayin na wurgar waje, na fizge buhun taga. Adamu ya ce sanyi zai kashe su.

"Kanka na ciwo tun jiya, ko?"

Ya ce e, dukkansu.

"Hayaƙin nan ne. Shi zai riga sanyi kashe ku."

Na sa wa Kawu maganin shaƙa na aljihu a baki, amma ba shi da ƙarfin jansa. Na ce wa Adamu ya kawo waya mu ja wuta daga janareta. Sai ya sunkuyar da kai.

"Na 'yan tsaki ne, Dakta."

Ban gane ba sai da ya kai ni. Bayan ɗakinsu, taku arba'in bai cika ba, akwai doguwar rumfar kaji mai kwado a ƙofa. Na leƙa ta raga. Fitilu ja a jere suna zuba ɗumi a kan dubban 'yan tsaki, suna ta tsattsaga abinci hankali kwance. Tun safiyar Litinin mai gona ya aiko da janareta. Adamu ya roƙi wakilin gona sau uku a bar su su sa injin Kawu na kwatan awa kawai, wakili ya ce umarni ne, kada a ƙara wa janareta ko allura.

Wakilin ya fito daga ɗakinsa sanye da jibgegiyar rigar gashi. Ba zan faɗi ƙasarsa ba, baƙo ne ɗan ci-rani kamar mu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Na nuna masa rubutun da ke ƙasan injin, na ce wutar da yake ci ba ta kai ta ƙwan fitila ɗaya daga cikin waɗancan ba.

"Mamnu'," in ji shi. An hana. "In tsaki ɗaya ya mutu, ni kafili, mai gonar nan, zai kama. Kai gobe kana Madina."

"In mutum ya mutu fa?"

"Ajali ne."

Na ce ya ba ni makulli. Ya sa hannu a aljihu ya juya. Usumanu ya je mota ya ɗauko ƙarfen cire taya, ya sa a kwadon, bugu biyu ya ɓalle. Wakili ya hau ihu zai kira 'yan sanda, za a kwashe mu a jirgi. Usumanu ya tsaya a bakin ƙofa da ƙarfen a hannu ya ce, "Kira. Wayar ma ba ta aiki."

Na zare fitila ɗaya daga soket, muka ja waya har ɗakin. Ina haɗa maganin, sai Kawu ya kama mini riga. Kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa.

"Hamisu, bari. Za a kore su."

"Kawu, ku yi shiru ku shaƙa."

"Yaran nan suna da iyali."

Na ɗaura masa abin shaƙar injin a fuska da ƙarfin da bai kamata ba. Wallahi a lokacin har shi nake jin haushi. Mutum na shirin mutuwa yana neman izinin numfashi. Daga baya, ina zaune ina kallon hayaƙin maganin, haushin ya juyo kaina. Wata goma sha ɗaya rabona da gonar nan. Na sayi inji na aika, na ɗauka na sauke nauyi, ban taɓa tambayar me zai faru ranar da babu wuta ba.

Sau uku na turara masa kafin la'asar, na ba shi ƙwayoyi. Da magariba kukan ƙirjin ya ragu, ya sha shayi, ya ci rabin gurasa. Ruwa ya sake sauka a duwatsu, Usumanu ya ce kwari ba zai hayu ba sai gobe. Muka dafa shinkafa a kan risho a waje, muka rarraba bargunan, mu bakwai muka kwana a ɗakin, taga a ɗan buɗe. Da asuba ruwan alwala ya yi ɓawon ƙanƙara a bokiti, sai da Adamu ya fasa da buta.

Juma'a

Takwas da rabi mai gona ya iso a babbar mota. Ina tsaye ina kallo ya wuce ƙofar ɗakinmu ya shiga rumfar kaji, ya yi minti goma a ciki. Da ya fito ya ɗauki karyayyen kwadon ya tambayi wanda ya yi. Na ce ni ne, na faɗa masa dalili, ban rage murya ba.

Ya juya ga wakili. "Me ya sa ba ka gaya mini Ibrahim ba shi da lafiya ba?"

"Na gaya maka ranar Litinin."

"Ba ka gaya mini ba."

Har yau ban san maƙaryacin cikinsu ba. Mai gona ya leƙa ɗakin daga bakin ƙofa, bai shiga ba, ya ce wa Kawu sannu, ya ba shi hutun mako guda. Na ce sauran huɗun fa, a ba su waya ɗaya su sa abin ɗumama ɗaki. Ya ce janareta ba zai ɗauka ba, wuta na nan dawowa in sha Allahu. Na bar wa Adamu risho da kananzir da barguna, na sa shi ya rantse ba za su ƙara shigar da gawayi ɗaki ba. Kwana tara suka yi a haka kafin a ɗaga turakun.

Komawa

Tara da kwata muka tashi, Kawu a gaba tsakanina da Usumanu. Kwarin ya koma taɓo, mun haye ba wahala. Ba mu tsaya a Suwaidira ba. Sha ɗaya da rabi muna ƙofar asibiti, aka sa masa iskar numfashi, aka kwantar da shi kwana huɗu. Ranar Talata da azahar na kawo shi gidana a Jurf, matata ta dama masa kunun gyaɗa. Ya sha, ya ajiye kofi, ya dube ni.

"Hamisu, fitilar nan da ka zare, ka mayar musu kuwa?"

Na tashi na fita tsakar gida, don kada in faɗa wa ƙanin uwata abin da zan yi nadama. Ranar da hutunsa ya cika ya koma gonar, duk roƙon da na yi masa. Ya ce 'ya'yansa shida a Daura ba fushina za su ci ba.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya, Ya bar mana Kawu. Na gode wa Usumanu, da Adamu da ya taka ƙasa neman waya, da dattijon bakin kwari wanda ko sunansa ban tambaya ba. Wakili da mai gona kuwa, Kawu ya ce ya yafe musu tun a gadon asibiti, ya ce ni ma in yafe. Na ce masa to. Ban yi ba tukuna.