Tsohon San Baba da Turancina

Shekarar da na gama kwalejin horon malamai, na dawo ƙauyenmu da ke kusa da Daura da kaya biyu: takardar shaida a cikin leda, da wata kalmar Turanci, extravagant. Aiki ban samu ba, amma kalmar ba ta huta ba. Inna ta cika wa ɗanwake man gyaɗa, in jefa mata ita. Yayana ya sake wa babur fenti, in jefa masa. Ni kuwa takalmi sau-ciki ƙafa uku gare ni a garin yashi. Kullum in goge su, in zauna gindin darbejiya ina jiran gwamnati ta kira ni, har shekara biyu.

Baba yana da wani tsohon sa da ya yi damina tara yana huɗa. Haƙoransa sun ƙare, ba ya jan garma, amma kullum sai Baba ya jiƙa masa dusa da kanwa, ya zaɓo masa harawa mai laushi. Abin ya tsone mini ido. Na dage sai an kai shi kasuwar Mai'adua, har na kira dillali ba da sanin Baba ba.

Ranar da dillalin zai zo, da hantsi, na sami Baba a turke yana cire wa san kaska. Na gyara tsayuwa.

"Baba, abin nan da kuke yi, shi Bature ke kira extravagant."

Bai ɗago ba. "Fassara mini, malam."

"Ɓarnar dukiya. Ciyar da abin da ba ya kawo komai gida."

Ya jinjina kai, ya yar da kaskar. "To, biyu gare ni ke nan. Wannan dai da wuyansa aka noma geron da ya kai ka makaranta. Ɗayan har yau ina jiran in ga huɗarsa." Ya dubi takalmina mai walƙiya. "Wanne za mu fara kaiwa Mai'adua?"

Kunya ta kama ni. Ni na tare dillalin a bakin hanya, na ba shi haƙuri.

Washegari na tuɓe takalmin na ɗauki bokitin dusa. Ni na riƙa ciyar da san har ranar da ya kasa tashi aka yanka shi. Baba ya rabar da naman, bai kai ko tsoka ɗaya bakinsa ba.

Yanzu Turanci nake koyarwa. In kalmar ta zo a darasi yara suka nemi misali, ba na zuwa nesa. Sai in ce musu na san wani ƙato da ubansa ya ciyar shekara biyu yana goge takalmi.